Rumbu ɗari tara a kan na'ura uku

Ranar da abin ya faru ina gida. Na idar da sallar Azahar ke nan na shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaro, don ɗaki ba ya shiguwa. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Birnin Kebbi ya san abin da nake nufi. Sai ga kiran sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa daga wajen Suru.

"Malam, wanga abu naku ya ƙiya. Ga jama'a sun yi layi za a raba taki, in na buga sunan mutum sai dai abin ya yi ta juyi. Mi ya faru?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ba ni minti goma." Minti goman nan ba ta cika ba sai da aka yi kiran sallar Asuba washegari.

Ina aiki ne a wani ƙaramin kamfanin manhaja. Tun da shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya zama harkar takarda: sunan manomi, lambar wayarsa, faɗin gonarsa, buhu nawa ya karɓa, buhu nawa zai biya. Ƙungiyoyin manoma da dillalan taki da iri daga Argungu, Augie, Bunza, Jega, har Yauri da Kamba, suka fara neman inda za su ajiye waɗannan bayanai su kuma same su da sauri. Abin da muke sayar musu ke nan. Asalin bayanan suna zaune a PostgreSQL, manhajar ajiye bayanai, amma akwatin nan da sakatare yake buga suna a ciki, Solr ce a bayansa.

Solr manhajar bincike ce da aka ɗora a kan Lucene, manhajar da ke tsara kalmomi a fihirisa don a same su da sauri, wadda Doug Cutting ya rubuta tun 1999. Yonik Seeley ya fara Solr a kamfanin CNET a 2004, aka miƙa ta ga gidauniyar Apache a 2006, sannan da siga ta 4.0 ta fito a 2012 aka samu tsarin SolrCloud, inda na'urori da yawa suke haɗuwa su yi aiki tamkar guda. A lokacin mu siga ta 6.6 muke da ita, ta 2017, a kan na'ura uku da ke wani ɗaki a bayan ofis, kowace da memori giga 32.

Kowane tarin bayanai mai zaman kansa a Solr, mu a ofis rumbu muke ce masa. Ana iya tsaga rumbu yanki-yanki, kowane yanki kuma a yi masa kwafi a wata na'ura, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Cikin kwafin kowane yanki akwai jagora guda, shi ke karɓar sabon rubutu ya raba wa sauran. Duk wannan na sani. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne, kowane kwafi cikakkiyar fihirisa ce ta Lucene, da fayilolinta, da ma'ajiyarta ta wucin gadi a memori, da kundin da take rubuta sabbin shigarwa. Ko manomi arba'in ne kawai a ciki, sai ta ci nata rabon.

Wanda ya fara gina tsarin, kafin ya samu aiki ya tafi, ya yanke cewa kowace ƙungiya rumbunta daban. Ba zan ga laifinsa ba. Alƙawarin da oga yake yi wa mutane ke nan: bayananku ba za su haɗu da na kowa ba. A harkar da ake rubuta bashin mutum, wannan alƙawari shi ne jarin. Inda aka yi ganganci shi ne wurin rasit. Sai aka ce kowace kaka rumbunta, na damina daban na rani daban, wai don a ji daɗin goge tsofaffi. Ba a taɓa goge ko ɗaya ba. Kuma kowane rumbu an ba shi yanki 2 da kwafi 2, daidai yadda darasin farko na Solr yake nunawa. Na gaji wannan tsari, na ga yana tafiya, na bar kaza cikin gashinta. Har ni ma na ƙara nawa. A ranar da nake ba da labari rumbunanmu sun kai wajen 900. In ka ninka sau huɗu, kwafi 3,600 ke nan, kowace na'ura tana ɗauke da 1,200.

Alamu sun sha zuwa. Na farko shi ne iyakar fayil 1,024 da Linux, manhajar da ke tafiyar da na'urorin, take bari shiri guda ya buɗe lokaci ɗaya. Muka ɗaga ta, muka wuce. Sigogin Solr da suka biyo bayan tamu ma suna gargaɗi tun wajen tashi cewa a kai ta 65,000, tamu ba ta san wannan ba. Na biyu ya fi ba ni wahala: Java, manhajar da Solr take gudana a kanta, ta riƙa faɗuwa tana cewa memori ya ƙare, alhali ina ganin memori a fili. Ashe Lucene tana shimfiɗa fayilolinta ne kai tsaye a kan memori, Linux kuma tana ƙidaya waɗannan shimfiɗu, iyakarta 65,530 in ba a taɓa vm.max_map_count ba. Kowane kwafi yana da gutsattsari da yawa, kowane gutsure da fayil wajen goma. Yi lissafin da kwafi dubu. Muka ɗaga wannan ma. Na uku ba shi da saƙon kuskure ko ɗaya: buɗe sabon rumbu, wanda a da ƙiftawar ido ne, ya koma sai ka je ka yi alwala ka dawo. Duk lokacin da muka ci karo da bango sai in nemo lambar da ta tare mu in ƙara mata sifili, in ji na yi gwaninta.

A ranar, an ɗauke wuta tun safe. Batiran inbata sun tsufa, ga zafi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana zuƙa. Janareto ba mai, yaron da aka aika gidan mai ya tarar da layi. Na'urori ukun suka mutu lokaci ɗaya. Da aka tayar da janareto kuma suka tashi lokaci ɗaya, don haka muka saita su. A nan gizo yake saƙa. Duk shekarun nan ɗaya-ɗaya muke kashe su in za mu yi gyara, sauran biyun suna riƙe da jagoranci. Rabon da su tashi tare tun rumbunan ba su kai 200 ba.

Na hau babur na iso ofis wajen ƙarfe uku. Shafin kula da Solr, wanda ke tasha ta 8983, ya ƙi buɗewa. Na jira rabin awa. Na duba ta wata hanya, na ga galibin kwafin suna kwance, kaɗan suna cewa suna farfaɗowa. Sai na yi abin da duk mai gyara yake yi in ya rasa ta cewa: na kashe Solr na kunna. Na jira, shiru. Na sake. Sau uku na yi haka kafin Magariba, kuma da hannuna na mai da ƙaramar gobara babba.

Sai an san yadda gungun na'urorin yake magana da kansa za a gane dalili. Na'urorin Solr ba sa riƙe labarin junansu. Akwai wata manhaja daban, ZooKeeper, ita ce kundin mai unguwa: wa yake raye, wane kwafi yake ina, wa ke jagorancin wane yanki. Kowane rumbu yana da takardarsa a can, state.json. A zamanin Solr 4 duk rumbuna takarda ɗaya suke rabawa, clusterstate.json, sai a Solr 5 aka raba wa kowa tasa, kuma wannan ya sauƙaƙa abubuwa ƙwarai. Amma kwafi ba ya rubutu a takardar da kansa. Cikin na'urorin ana zaɓen guda ta zama Overseer, mu muna ce masa magatakarda. Kwafi in ya tashi sai ya jefa saƙo a layin magatakarda cewa ina kwance, can ya jefa cewa ina farfaɗowa, can ya jefa cewa na miƙe, in ya ci zaɓen jagora ya sake jefawa. Magatakarda guda ne tak a gungun gaba ɗaya, ko na'ura uku gare ka ko talatin, kuma bi da bi yake ɗauka. Kwafi 3,600, kowane da saƙo uku ko huɗu, ka ga tashi ɗaya ya haura saƙo dubu goma. Ni kuwa kowace kashewa da kunnawa da na yi, sabon dubu goma nake zubawa a kan wanda ba a gama karantawa ba.

Akwai kuma na biyu da ke hura wutar. Java tana tsayawa lokaci-lokaci ta share abin da ba a bukata a memori, kuma in wurin ya cika maƙil tana iya daskarar da komai har ta gama. ZooKeeper kuwa tana jiran ta ji motsin kowace na'ura. A saitinmu, in ta yi daƙiƙa 15 ba ta ji ba, sai ta ɗauka na'urar ta mutu, ta cire sunanta daga jerin masu rai. Na'urar tana farkawa daga shara sai ta tarar an yi mata jana'iza, dole kwafinta 1,200 su sake rajista, a sake zaɓen jagora a duk yankin da take jagoranta. In kuma ita ce magatakarda, a sake zaɓen magatakarda. Watanni kafin nan na ɗaga rabon memorin Java daga giga 8 zuwa 16 ina ganin taimako ne. Shara ta ƙara tsawo, sannan na rage wa Linux wurin da take ajiye fayilolin fihirisa. A daren ma na yi ƙoƙarin kai wa'adin daƙiƙa 60, ZooKeeper ta ba ni 40 kawai, don ba ta yarda wa'adi ya wuce ninki ashirin na bugunta, bugun kuma daƙiƙa biyu ne. Ga shi ita kanta ZooKeeper a kan na'urorin nan uku take zaune, faifai ɗaya take rabawa da Solr, tana ta kukan cewa rubutu ɗaya yana ɗaukar ta fiye da daƙiƙa guda.

Bayan Isha'i komai ya tsaya cak. A kundin rahoto layi ɗaya ne yake ta maimaituwa, mai ƙarewa da "is out of range". Oga ya zo da ledar tsire da ruwa mai sanyi, ya zauna a kan kwalin takarda bai ce komai ba. Shirun nan ya fi faɗa ciwo.

ZooKeeper ba a yi ta don manyan kaya ba. Saƙo ɗaya ba ya wuce mega guda, ƙasa da shi ma da bayit ɗaya, 1,048,575, abin da ake saitawa da jute.maxbuffer. Magatakarda kafin ya ɗauki saƙo sai ya nemi jerin sunayen abin da ke kan layi, jerin kuma a dunƙule yake zuwa. Kowane suna haruffa 13 ne, da bayit 4 na tsawonsa, 17 ke nan. Raba mega guda da 17, za ka samu dubu sittin da ɗoriya. Na tambayi ZooKeeper adadin abin da ke layin, wannan tana iya faɗa ba tare da ta jero su ba. Ya haura dubu sittin. Wato layin ya yi tsawon da magatakarda ba ya ma iya kallonsa, balle ya rage shi, na'urori kuma ba su fasa zubawa ba. Daga baya na ga cewa sigogin da suka biyo bayan tamu sun sa wa layin murfi a saƙo 20,000. Da alama ba mu ne farkon waɗanda suka faɗa wannan rami ba.

Daga nan hankalina ya ɗan kwanta, don ciwon da aka gani ya fi wanda ake lalube. Na kashe Solr a na'urori ukun. Na kwafe ma'ajiyar ZooKeeper gaba ɗaya a gefe, saboda abin da zan yi ba a dawo da shi. Na ɗaga jute.maxbuffer zuwa mega 4 a ZooKeeper ɗin da kuma manhajar da nake shiga da ita, duk da masu ita ba sa son a yi haka, sannan na share layin kakaf. Hannuna yana rawa, amma hujjar a fili take: saƙonnin duk labarin halin da ya riga ya wuce ne, kowane kwafi in ya tashi zai sake faɗin halinsa.

Na kunna na'ura ɗaya kawai. Solr tana ɗaga kwafi takwas-takwas ne a lokaci guda, kuma kwafin da ya tashi bai ga ɗan'uwansa ba yakan jira shi har minti uku kafin ya naɗa kansa jagora, don gudun kada ya zama shi ne wanda aka bari a baya. Na san akwai yiwuwar wasu rasit na ƙarshe su salwanta a fihirisa, amma suna nan a PostgreSQL, ana iya sake turo su. Na zauna ina buga adadin layin kamar mai duba ma'aunin ruwa a bakin gulbi: ya hau, ya tsaya, ya fara sauka. Sai da ya koma sifili na kunna ta biyu. Ta uku ta gama miƙewa ana kiran assalatu. Na tura wa Alhajin Suru saƙo. Ya amsa da cewa sun riga sun raba takin da littafi da biro, yanzu sai a zo a shigar.

Bayan kwana biyu oga ya kira ni ofishinsa. Shawararsa ta farko mu sayi na'ura biyu mu ƙara. Na ce, "Yallaɓai, zai rage wa kowace na'ura kaya, amma magatakarda yana nan shi kaɗai, saƙonnin kuma ba su ragu ko ɗaya ba." Ya ce to wani abokinsa ya ce masa Elasticsearch, wata manhajar bincike irin Solr, ta fi. Na ce ita ma a kan Lucene take, kuma tun siga ta 7, a 2019, masu ita suka sa iyakar yanki 1,000 ga kowace na'ura in ba ka canza da kanka ba. Mu muna da 1,200. Da ita muke, da tuni ta hana mu buɗe sabon rumbu, kuma da ta yi mana gata.

Sai na ajiye masa takardar da na kwana ina lissafi. Duk bayananmu, mambobi da rasit na duk shekarun, ba su kai miliyan 3 ba. Fihirisa ɗaya ta Lucene tana iya ɗaukar sama da biliyan 2. Wato kwafi guda zai haɗiye duk abin da muka tara sau ɗari bakwai. Muna da rumbun da manomi goma sha ɗaya ne a ciki, an tsaga shi biyu an yi masa kwafi biyu. Hatsin bai cika buhu ba, masu gadin rumbunan ne suka cinye gidan.

Ya ce, "To alƙawarin da na yi wa mutane fa?"

Wannan tambayar ita ce ta gaskiya, kuma ban da amsa mai daɗi. Rumbu daban katanga ce ta gaske. In an haɗa su, katangar ta koma layi ɗaya a cikin manhajarmu, wanda ke cewa a nuna na ƙungiya kaza kawai. Ranar da wani ya manta wannan layi, sakataren Bunza zai ga bashin mutanen Jega. Akwai dabarar da Solr take da ita ta ajiye kwafin da ba a amfani da shi a kwance har sai an neme shi, na so in raɓe da ita, sai na tarar ba ta aiki a SolrCloud. Muka yi kusan mako muna ja. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa manyan dillalai uku, waɗanda su kaɗai suka kai kusan rabin rasit ɗinmu, za su riƙe nasu rumbun. Sauran duka a haɗa su a rumbu biyu, na mambobi da na rasit, kowane yanki 3 kwafi 2. Kaka kuma ta zama gurbi a jikin rasit, ba rumbu ba.

Tunda za a sake gini, muka ce a yi shi a kan Solr 8.11. Dama ba wata hanya, Lucene ba ta karanta fihirisar da ta girme ta da babbar siga biyu, dole a sake zubawa daga tushe. Muka aro na'ura ta huɗu, muka kafa sabon gungu a gefe, tsohon yana ci gaba da aiki.

Dabarar haɗawar tana cikin lambar shaidar kowace takarda. In ka rubuta ta da lambar ƙungiya a gaba da alamar motsin rai, misali k214!5530, Solr tana duba abin da ke gaban alamar ta yanke yankin da takardar za ta zauna. Haka duk takardun ƙungiya ɗaya suke taruwa a yanki ɗaya, in an zo nema kuma a faɗa mata lambar, ta tafi can kai tsaye ba tare da ta tashi sauran ba. Amma wannan nuna hanya ne kawai, don a yankin akwai wasu ƙungiyoyi ɗari. Matatar da ke cewa a nuna na ƙungiya kaza kawai ita ce katangar. Na sa ta a ƙofa ɗaya tak da duk wani nema yake bi, na toshe duk wata hanyar zuwa Solr, sannan muka ƙirƙiri ƙungiyoyin bogi biyu da manoman bogi. Kullum dare wani ɗan shiri yana shiga da sunan ta farko ya nemi manomin ta biyu. Ranar da ya same shi, wayata za ta yi ƙara.

Na so in bar tsofaffin sunayen rumbuna su zama laƙabi masu nuni ga sabon, don kada in taɓa manhajar waya. Sai na tuna duk laƙabobin a takarda ɗaya suke zama a ZooKeeper. Na ce a'a, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Zubawar kanta ba ta kai awa biyu ba, abin har ya ba ni haushi. Na riga na fara murna sai wata mai bautar ƙasa da aka turo mana, wadda na ba aikin gwada adadi ƙungiya-ƙungiya, ta leƙo ta ce, "Oga, mambobi sun yi daidai, amma rasit ba su cika ba. Kusan ko'ina akwai giɓi." Na ce ta sake ƙirgawa. Ta ce ta ƙirga sau biyu, ta miƙo min takarda. Gaskiyarta ne. Lambar rasit a tsohon tsari kowace kaka daga ɗaya take farawa, tunda kowace kaka rumbunta daban. Ni kuma na sa lambar ƙungiya a gaba na manta kaka. Solr in ta ga takarda biyu da shaida ɗaya ba ta tambaya, ta biyun take ɗauka ta jefar da ta farko. Rasit na 12 na rani ya danne rasit na 12 na damina, babu ko tari a kundin rahoto. Da mun sauya a haka, da akwai manoman da za a ce ba su biya ba alhali sun biya. Na ce, "Malama, kin fitar da mu kunya." Muka gyara lambar, muka sake zubawa, ta sake ƙirgawa har sai da kowace ƙungiya ta faɗa daidai.

A wannan zubin ne muka biya wani tsohon bashi. Sakatarori sun fi shekara suna ƙorafin cewa in an shigar da mutum Ɗanladi, wanda wayarsa ba ta da ɗ mai lanƙwasa ya buga Danladi, ba ya fitowa. Maganin layi ɗaya ne, matatar ASCIIFolding ta Lucene, wadda ke mai da ɓ, ɗ, ƙ su zama b, d, k wajen nema. Abin da ya hana ni a da shi ne sai an sake loda rumbu 900 an sake zuba kowane. Yanzu yamma ɗaya ya ɗauka. Har na ɗan zaƙe na haɗa sunaye masu ma'ana ɗaya, Abubakar da Garba da Buba, Muhammadu da Mamman. Kwana uku aka yi na cire, don a ƙauye ɗaya in ka nemi Garba rabin gari ke fitowa.

Akwai abin da muka rasa. A da in ƙungiya ta bar mu, rumbunta ake cirewa, shi ke nan. Yanzu sai an goge takardunta ɗaya-ɗaya ta hanyar nema, wurin kuma ba ya dawowa sai Lucene ta haɗe gutsattsarinta. Dawo wa ƙungiya ɗaya da bayananta na jiya ma ya ƙara wuya, sai dai a sake zubo nata daga PostgreSQL. Na karɓi wannan cinikin.

Rushe tsohon gungun ma sai da aka bi a hankali. Muka bar shi wata guda a kunne don ko ta kwana. Da na zo gogewa na tuna kowace gogewa ta gaban magatakardan nan take bi, sai na riƙa yin ashirin-ashirin da dare. Can na ga wautar abin, tunda ba mai amfani da shi. Na kashe shi gaba ɗaya, na share reshensa a ZooKeeper, na mayar da jute.maxbuffer yadda yake, na rage rabon Java zuwa giga 4, muka kwaso sabon gungun zuwa na'urorinmu uku muka mayar da ta aro.

Wata Asabar bayan ruwa ya sauka, na ce wa oga ina so in kashe wutar ɗakin da gangan. Ya ce in bari sai ya fita. Mai bautar ƙasar ta riƙe agogon waya, na ja makunnin, muka ƙirga goma, na mayar. Kwafin duka ba su kai talatin ba yanzu. Kafin minti uku ta buga Danladi a wayarta, ga Ɗanladi ya fito. ZooKeeper dai har yau tana raba faifai da Solr, oga ya ce sai bayan kaka, kuma batiran inbata biyu kawai aka canza cikin takwas.

A makon da ya wuce wani dillalin taki daga Jega ya zo yin rajista. Ya ji labarin cewa manya suna da nasu rumbun, ya ce shi ma nasa yake so, ba ya haɗa kaya da kowa. Oga ya waiwayo ya dube ni. Na ce, "Alhaji, za a yi. Yanki ɗaya, kwafi biyu, damina da rani duk a ciki, kuma kuɗinsa daban ne." Ya tambayi nawa. Da oga ya faɗa masa, ya ce a sa shi tare da jama'a.